Tambihin 'Yan'uwa Bisa Hubusi da Wasiyya ga Gidajen Ilimi

Da sunan Allah na fara, gare shi ni ke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ara wa bayinsa dukiya, ya yanka wa aron ajali, ya ɓoye musu ranar karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi sawunsu har ranar tsayuwa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin Allah, wannan 'yar takarda ce bisa mas'ala guda wadda tambaya ta yawaita a kanta daga masu hali cikinku. Mutum shina da gida ko gona ko rumfar kasuwa, shina son wani abu daga ciki shi tafi ga gidan ilimi shi wanzu bayan ransa, ko makarantar zaure ce, ko babbar makarantar nan da a ke ce wa jami'a. Ƙaƙa za shi yi abin shi inganta, kada shi ci haƙƙin magada, kada kuma shi sha wahalar banza?

Ku sani, Allah shi yi muku jinƙai, ƙofofin biyu ne, kuma yawancin ɓarnar da a ke gani daga cuɗa su ta ke fitowa. Ta farko hubusi, shi ne wanda mutanen gabas su ke ce wa waƙafi: ka tsare asalin abu, ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa, amfaninsa kaɗai ke gudana ga wanda ka ambata. Ta biyu wasiyya, ita ce ka ce in na mutu a fitar da kaza a ba wuri kaza. Hubusi aikin mai lafiya ne, shina fita daga dukiya duka, kuma in ya fita ba shi komowa. Wasiyya aikin bayan rai ce, ba ta wuce sulusi, mai ita kuwa shina da ikon warware ta ko sake ta muddin shina numfashi.

Asalin hubusi ga Sayyadi Umaru ɗan Haɗɗabi ya ke, Allah shi yarda da shi. Ya sami wata gona a Haibara bayan an buɗe ta shekara ta 7 daga hijira, bai taɓa mallakar abin da ya fi ta daraja a wurinsa ba, ya zo shina shawartar Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Aka nuna masa shi riƙe tushen, shi yi sadaka da 'ya'yan. Umaru ya yi hakanan, ya ambata matalauta da dangi da 'yantar da bayi da matafiyi da baƙo, ya kuma yarje wa mai kula da gonar shi ci daga ciki gwargwadon al'ada ba da tarawa ba. Ku duba wannan sharaɗin na ƙarshe, gama mutum ne da ya san halin mutane. Mai kula da ba a yanka masa rabo ba, shi zai yanka wa kansa cikin duhu. Asalin sulusi kuwa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya ke. Ya kwanta ciwo a Makka shekarar hajjin bankwana har ya fid da rai, ba shi da ɗa a lokacin sai ɗiya ɗaya, ya nemi shi ba da sulusi biyu na dukiyatasa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, da ya ce sulusi aka yarje masa, aka kuma gaya masa sulusin ma da yawa, barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Sa'an nan Sa'adu ya tashi daga wannan ciwon, ya rayu fiye da shekara 40 bayansa, Allah ya ba shi 'ya'ya masu yawa. Da an bar shi da abin da ya so a ranar da ya ke ganin kabari kusa, da waɗannan 'ya'yan sun tarad da wayam.

Fasali. Ga abin da wannan ƙofa ta haifa cikin duniya, don kada wani shi ɗauke ta ƙaramar aba.

Wanda Allah ya nufa da ziyarar Fas daga cikinku ya ga masallacin Ƙarawiyyin, gama tsakaninsa da zawiyar Shehu Ahmadu Tijani tafiyar ƙafa ce kaɗan cikin lunguna. Mai littafin Raudul Ƙirɗasi, Ibnu Abi Zar'in, wanda ya zo bayan abin da fiye da shekara 400, ya kawo cewa wata mace ce ta kafa shi, Faɗimatu ɗiyar Muhammadu Alfihiri, mutanen Ƙairawan da suka yi ƙaura zuwa Fas. Ta gaji dukiya mai yawa, ta sayi fili da ita, ta soma gini cikin watan azumi shekara ta 245, wadda ta yi daidai da 859 ta Miladiyya. Ya ce ba ta yarda an kawo ƙasa ko dutse daga wani wuri ba, cikin filin da ta saya aka haƙa aka fid da kayan gini, ta kuma haƙa rijiya a ciki, duk don gudun shubuha. Ta lazimci azumi har aka gama. 'Yar'uwarta Maryamu ta gina masallacin Andalus a ɗaya ƙetaren. Abin da Faɗimatu ta gina ƙaramin masallaci ne, ba ta san za shi zama abin da ya zama ba. Amma waɗanda suka biyo bayanta suka yi ta jingina masa rumfuna da gidajen wanka da masaukan fatake da gonakin zaitun, har dukiyar masallacin ta isa ta faɗaɗa shi da kanta zamanin Aliyu ɗan Yusufu sarkin Murabiɗai, wajen shekara ta 530. Kuma a wannan faɗaɗawa sai da alƙali ya zaunar da masu kula da hubusin ya yi musu hisabi, ya karɓo dukiya mai yawa da ta maƙale a hannunsu. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Da sarakunan Banu Marin suka zo, suka gina makarantun kwana kewaye da shi, irin Saffarin da Aɗɗarin da Misbahiyya, ɗalibi baƙo shi sami ɗaki da gurasar yini ba da ko anini ba. Sarki Abu Inan ya kafa masa taskar littattafai shekara ta 750. Ibnu Haldun, shina zaune a Misira, ya aiko da kofen babban tarihinsa ya hubusta shi ga ɗaliban Ƙarawiyyin shekara ta 799, ya sharɗanta kada a ba da aronsa sai ga amintacce, da jingina, kuma kada shi wuce wata 2 a hannun mai aro. Wani sashe na wannan kofen shina nan a taskar har yau. Ku dubi malami da ya san halin almajirai da littafin aro!

Haka al'amarin Azhar ya ke. An soma gininsa shekara ta 359, aka yi Juma'a ta farko cikinsa 361, watau 972 ta Miladiyya, kuma ƙarnuka masu yawa abin da ya riƙe malamansa da ɗalibansa hubusi ne. An raba ɗalibai zaure zaure bisa ƙasashensu, kowane zaure da shehunsa da littattafansa da rabon gurasa wanda su ke ce wa jiraya, kuma cikin zaurukan akwai na mutanen Barno. Tun kafin wannan ma, Maƙrizi ya ambata alhazan Kanem sun iso Misira cikin shekarun 640 na hijira, suka ba alƙali Ibnu Rashiƙ dukiya ya gina makarantar Malikiyya, suka zamo suna aiko mata da kuɗi yawancin shekaru. Ashe mutanen yankinmu ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Kuma malaminmu na Katsina, Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi, da ajali ya riske shi a Alƙahira shekara ta 1154, a gidan Shehu Hasanu Aljabarti ya cika, shi ya naɗa wasiyyi bisa abin da ya bari da littattafansa. Baƙo ne nesa da gida, amma bai bar littattafansa ga iska ba.

Wani shi ce: waɗannan masallatai ne, to, jami'ar zamani fa, inda a ke karanta likitanci da hisabi da noma da sha'anin ruwa, ko hubusi gare ta shina da lada? Amsa: na'am, in niyya ta yi kyau kuma abin da a ke koyarwa halal ne. Imamu Gazali ya lissafta likitanci da hisabi cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u, ya kuma yi kukan garuruwan da masu fikihu suka cika su alhali babu likita Musulmi. Shi kansa a makarantar hubusi ya karantar, ita ce Nizamiyya ta Bagadaza wadda aka buɗe shekara ta 459. Garin da mata ke mutuwa wurin haihuwa don rashin mai sani, wanda ya ɗauki nauyin yaro guda har ya zama likita ya sauke wa garin duka farilla. Jami'ar Misira da aka kafa shekara ta 1908, wadda ta zama jami'ar Alƙahira, ta kusa durƙushewa don rashin kuɗi, sai wata Faɗimatu kuma, ɗiyar Hidewi Isma'ila, ta hubusta mata gonaki fiye da faddan 600, ta ba ta filin gini, ta tuɓe kayan adonta ta ce a sayar, aka aza harsashi shekara ta 1914. Har Nasara sun san wannan ƙofa, sun ma fi mu riƙe ta a yau. Babbar jami'ar nan ta Amurka, Harvard, sunan wani saurayin malamin addininsu ta ci, wanda ya mutu shekara ta 1638 ya bar mata rabin dukiyatasa da littattafai wajen 400. Littattafan gobara ta cinye su shekara ta 1764 sai abin da ba a rasa ba, amma makarantar ta wanzu, gama na bayansa ba su daina bayarwa ba. Sai dai rabin nan da ya bayar, ga shari'armu bai halatta ta ƙofar wasiyya ba.

Fasali, cikin hukuncin, kuma nan ne wurin tsayawa, gama nan ƙafafu su ke zamewa. Abin da ni ke faɗa bisa mazhabar Imamu Maliku ne, kamar yadda ya ke cikin Risala da Muhtasarin Halilu da Tuhufar Ibnu Asimi.

Ka sani hubusi ba shi cika da faɗar baki kaɗai. Lalle sai abin ya fita daga hannunka ya shiga hannun waɗanda aka yi dominsu ko hannun mai kula da shi, wannan shi a ke ce wa hauzi, kuma sai ya auku kafin ɗayan abu uku: mutuwa, ko ciwon ajali, ko bashi shi rufe dukiya. Mutum shi tara jama'a bayan wazifa shi ce ku shaida gidana na bakin kasuwa na hubusta shi ga makaranta kaza, a yi kabbara, a yi masa fatiha, sa'an nan shi ci gaba da karɓar kuɗin haya shina zubawa aljihu har mutuwa ta same shi. Wannan hubusin ya ɓaci, gida ya koma gado, ko da shaidu sun kai 100. Haka wanda ya hubusta gidan da shi ke zaune ciki ya fita, sa'an nan ya komo ya zauna kafin shekara ta cika har ya mutu a ciki. Haka wanda ya sharɗanta shi ne za shi zama mai kula da abin da kansa, ko ya hubusta wa kansa. Hikimar a fili ta ke: don kada mutum shi ci amfanin dukiya iyakar ransa, sa'an nan shi hana magada ita da sunan Allah. Masallaci da rijiya da gada, hauzinsu shi ne a buɗe wa mutane su shiga amfani. Gidan haya kuwa, sai a damƙa mabuɗi da takardar mallaka, a gaya wa masu haya daga yau ga wanda za ku biya.

Wanda ya yi hubusi shina kwance cikin ciwon da ya mutu a cikinsa, hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, daga sulusi shi ke fita.

Ita kuwa wasiyya, wurinta na huɗu ne cikin abin da mamaci ya bari. A fara da haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar gonar da ke jingine. Sa'an nan likkafani da haƙar kabari gwargwadon al'ada. Sa'an nan bashi. Sa'an nan wasiyya daga sulusin abin da ya saura. Sa'an nan magada. Misali: mutum ya bar abin da aka ƙimanta naira miliyan 10, jana'iza da bashi suka ci miliyan 1, saura 9, sulusinta 3. In ya yi wasiyya da miliyan 4 ga jami'a, 3 ke fita, ɗayar tana hannun magada, in sun so su bari, kyauta ce daga gare su, in sun ƙi babu zargi. Maraya da bai balaga ba ba shi da izini, waliyyinsa kuwa ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar maraya, ko da ga Ka'aba ne. Ba ranar da aka rubuta takarda a ke auna sulusi ba, gama dukiya tana ƙaruwa tana raguwa. Don haka wanda ya ce sulusin abin da na bari, ko rubu'insa, ko humusinsa, ya fi kuɓuta daga wanda ya ambaci adadin kuɗi, balle a zamanin da kuɗi ke narkewa kamar gishiri cikin ruwa. Abin da ke sayen sa bana, bayan shekara 10 ko tunkiya ba shi saye.

Babu wasiyya ga mai gado, gama Allah ya riga ya yanka masa rabonsa. Kada kuwa wani shi yi dabara shi ce na bar wa makarantar ɗana wane, alhali makarantar mallakar ɗan ce, shina karɓar kuɗin yara shina ci. Wannan wasiyya ce ga magaji an naɗa mata rawani. In makarantar ita kanta hubusi ce, ɗan kuwa mai karantarwa ne a ciki da ladan aikinsa, wannan wani abu ne daban.

Mas'ala. An buɗe akwatin mamaci an tarad da takarda da rubutun hannunsa, kowa ya gane hannun, ya rubuta a ba makaranta kaza gona kaza, amma bai kafa shaidu ba, bai kuma ce wa kowa ku zartar da ita ba. Ba a zartarwa, gama mai yiwuwa ya rubuta ne shina tunani sa'an nan ya fasa. Kaito, niyyoyin alheri nawa suka mutu cikin akwatuna ta wannan hanya! Sai ka kira adilai biyu ka shaida musu, kuma a wannan zamani ka kai takardar gaban alƙali a sa mata hatimi, ka bar kofe a hannun wasiyyi da kofe a wurin makarantar. Ka rubuta abin da ke gare ka a banki da abin da ka ba mutane ajiya, gama magada ba su raba abin da ba su sani ba. A Kano da Sakkwato da Zamfara akwai hukumomin da aka kafa domin zakka da hubusi, wanda ya ga dama shi rubuta nasa a wurinsu don shaida ta ƙaru.

Fa'ida. Mazhabarmu ta fi wasu sauƙi a nan. Hubusi shina halatta ga abin da a ke ɗauka, kamar littafi da dabba. Shina halatta kuma da ajali, ka ce amfanin rumfar nan na ɗalibai ne shekara 10 sa'an nan ta komo gare ni ko ga magadana. Saboda haka mai ƙaramin hali ba shi da hanzari.

Fasali, cikin abin da ya kamata a zaɓa, kuma wannan shawara ce, ba hukunci ba ne.

Zukatan masu bayarwa suna karkata ga gini, gama gini shi a ke gani, shi a ke liƙa wa suna bisa ƙofa. Amma ku zaga ku gani, ɗakunan karatu nawa ne rufinsu ya yaye, ba mai gyara, malamin ciki ya tafi neman abin da za shi ci. Abin da ya riƙe Fas da Azhar ƙarnuka, rumfunan da ke biyan haya ne da gurasar da ke isa hannun ɗalibi kowace safiya. In kana da abin gina ɗaki biyu, gina ɗaya, ka sayi rumfa da kuɗin ɗayan ka jingina masa. Malamai sun ce da gyara a ke farawa daga amfanin hubusi kafin a raba, ko da mai hubusin ya sharɗanta saɓanin haka, don kada tushe shi mutu. Kuma gida ko gona na hubusi ba a sayar da su bisa mashhurin mazhaba ko sun zama kango, sai domin faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Abin da a ke ɗauka ne in ya daina amfani a sayar a sa kuɗin cikin irinsa. To, duba da kyau abin da ka ke tsarewa.

Sharaɗin mai hubusi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba, saboda haka yi shi da hankali. Kada ka ƙuntata har abin shi gagara, kamar ka ce sai ɗan unguwa kaza mai karanta littafi kaza a wurin malam wane, malam wane shi mutu, unguwa ta watse, dukiya ta tsaya cik. Kada kuma ka sake shi sakaka ka ce na ba jami'a kawai, shi nutse cikin babban asusunta a sayi labule da kujerun ofis. Ka ce domin ciyar da ɗalibai marasa hali da kuɗin karatunsu, ko domin albashin mai karantar da fanni kaza, ko domin taskar littattafai. Sa'an nan ka ƙara, in wannan wuri ya rushe ko ya bar wannan karatu, amfanin shi koma ga mafi kusa da shi cikin irinsa. Kada ka manta da ɗiya mata. Halilu ya lissafta hubusin da aka yi ga 'ya'ya maza aka fid da mata cikin ɓatattu, kuma ko ba wannan ba, mun ga mata biyu masu suna Faɗimatu da abin da suka yi wa ilimi.

Mai kula kuwa, kada shi zama mutum guda ba mai duba shi. Sanya biyu ko uku, ka yanka musu lada, ka wajabta musu karanta lissafi gaban jama'a ko gaban alƙali shekara shekara. In masu kula da dukiyar Ƙarawiyyin, a birnin malamai da waliyyai, sai da aka yi musu hisabi kafin kuɗi su fito, ina ga namu? Kada kunyar ɗan shehu ko ɗan liman ta hana ku tambaya. Girmama gida daban, amana daban. Kuma hadiyyar da muridi ke kai wa shehunsa mallakar shehun ce, magadansa za su gaje ta. In nufinka makarantar zawiya ce, faɗa a fili ka rubuta, don kada bayan shekaru a yi ta jan riga tsakanin 'ya'yan gida da almajirai.

Akwai wata fa'ida cikin hubusi da ba kowa ke lura da ita ba. Malamin da abincinsa ke fitowa daga hubusin mamaci, mamacin ba shi tasowa shi ce masa faɗi kaza, bar kaza. Shi ya sa shehunnan Azhar na dā su ke iya tsayawa gaban masu mulki domin talakawa. Muhammadu Ali Basha, wanda ya hau mulkin Misira shekara ta 1805, ya kame yawancin gonakin hubusi ya maido su ƙarƙashin hukuma, sa'an nan dokar shekara ta 1961 ta shigar da Azhar cikin tsarin gwamnati sosai. Mai hankali ya san harshen da ke cin tuwon wani shina da nauyi wurin faɗa masa gaskiya.

Fasali, cikin sha'anin zuciya. Ya kai muridi, dukiyar da za ka tsare domin Allah ka tankaɗe ta tukuna. Gonar da ka haɗa da rabon ƙanwarka ba ka ba ta ba, filin da aka ƙwace aka sayar maka ka sani, zakkar da ta taru bisa wuyanka shekaru, waɗannan ba su zama hubusi, bashi ne, a mai da su ga masu su. Ka duba danginka kuma. Abu Ɗalha da ya kawo lambunsa Bairuha'u, mafi soyuwar dukiyatasa, cikin danginsa aka umurce shi shi sanya shi. Wanda ɗan ɗan'uwansa ya bar karatu don rashin kuɗi, shi kuwa shina gina wa baƙi ɗaki da sunansa bisa ƙofa, shi tambayi ransa wa shi ke nema. Mafi muni shi ne wanda ya yi fushi da 'ya'yansa, ko ba shi da ɗa sai 'yan'uwan da ba shi so, sai shi ruga ga hubusi da wasiyya don shi toshe musu baki. Alƙali shina iya zartar da takardarsa in sharuɗɗa sun cika, amma cutarwa cikin wasiyya Ibnu Abbas ya ƙidaya ta cikin manyan zunubai, kuma Wanda ya san abin da ƙiraza su ke ɓoyewa ba a yi masa wayo da takarda.

Sunan mai bayarwa bisa gini ba haramun ba ne, wani lokaci shina tsare hubusi daga masu haɗama, shina kuma zaburar da wasu. Amma ga mai tafiya bisa hanya, in ya ji ransa shina daɗi da sunan fiye da daɗinsa da ɗalibin da ya ƙoshi, shi bar sunan cikin takardar alƙali kaɗai. Ya inganta cikin hadisi cewa aikin ɗan Adam shina yankewa da mutuwa sai ta hanya uku, sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa na gari mai addu'a, kuma hubusi ga masu neman ilimi ya kama biyu daga ciki, in ya sa 'ya'yanka suka zama masu kula da shi da amana, ana fatar shi kama na ukun. Ya inganta kuma cewa mafificiyar sadaka ita ce ta mai lafiya wanda har yanzu shina tsoron talauci shina kwaɗayin wadata. Mai jira sai rai ya kai maƙogwaro shi soma rabon gonaki, dukiyar da shi ke rabo ta riga ta kama hanyar gidan wasu, kuma sau da yawa harshe kan ɗaure kafin shaidu su iso.

Surar takardar kuwa, ka fara da sunan Allah da kalmar shahada, ka ambaci sunanka da na mahaifinka da garinka, da cewa kana cikin hankalinka ba wanda ya tilasta ka. Ka rubuta bashin da a ke binka da wanda ka ke bi, da zakka ko kaffarar da ta rage bisa kanka. Sa'an nan ka ambaci abin da ka fitar da iyakokinsa huɗu in ƙasa ce, da wurin da za shi tafi, da inda za shi koma in wurin ya gushe, da sunan wasiyyi da na mai kula da ladansu. Shaidu su sa hannu, a rubuta rana da wata da shekara. In an haifa maka, ko magaji ya mutu, ko ka sayar da abin da ka ambata, sai ka kira shaidu ka sabunta ta, ka yage tsohuwar.

Ta cika da godiyar Allah. Allah shi gafarta wa mai rubutu da mai karatu da mai saurare da iyayenmu da shehunnanmu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi da alayensa. Amin.